Yaron Da Ya Kwana Gadi: Nazarin Wani Zaman Jeren Wakilai a Mishigan

A wani dare cikin watan Oktoba, wata ma'aikaciyar jinya a arewacin jihar Mishigan ta ƙasar Amurka ta dawo daga aiki wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da ta hau bene sai ta tarar da ɗanta mai shekara tara zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofar ɗakin ƙanwarsa, barci ya kwashe shi, ƙaramar bindigar ubansa na kan cinyarsa. Da harsasai a cikinta. Uban yana falo, shi ma barci ya sace shi a gaban talabijin. Sai da ta zare bindigar a hankali kafin ta taɓa yaron. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa da ya buɗe ido shi ne, "Mama, gadinta nake yi."

Bayan wata uku ma'auratan suka zo zaman jeren wakilai, wata hanyar jinyar matsalolin iyali, wanda zan ba da labarinsa. Aikina a irin wannan zama shi ne in koma gefe da littafi, in rubuta wa ya tsaya a ina, wa ya ce me, da ƙarfe nawa. Sun yarda a rubuta lamarinsu bisa sharaɗin a cire sunaye da sunan garinsu.

Yadda abin ya faro

Kwana tara kafin wannan daren, makarantar yaron ta yi atisayen kulle aji. Dokar Mishigan ta wajabta shi sau uku a kowace shekarar karatu, kuma tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 kusan kashi 95 cikin 100 na makarantun gwamnati a Amurka ke yin irinsa. Malama ta kashe fitila, ta kulle ƙofa, yara su taru a kusurwar da ba a hango ta daga taga, kowa ya yi tsit. Yaran da aka haifa bayan harin makarantar firamare ta Sandy Hook na Disambar 2012, inda aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya shida, ba su san wata makaranta da ba a yin haka ba. Yaron ya sha yin atisayen ba tare da ya dame shi ba. Abin da ya sauya a wannan shekarar shi ne ƙanwarsa ta shiga ajin share fage, ajinta kuma shi ne na farko daga babbar ƙofa. Yana durƙushe a cikin duhu ya lissafa cewa duk wanda zai shigo, ita zai fara tararwa.

Daga nan ya koma fitsarin kwance, ya daina cin abincin rana a makaranta, yana tashi cikin dare yana duba makullan ƙofa. Iyayen sun ga duk wannan, suka ɗauka zai wuce.

Bindigogi bakwai ne a gidan: biyar na farauta, ƙarama ɗaya don tsaron gida, sai wata tsohuwar doguwar bindiga ta mahaifin mijin da ke rataye a bangon falo. Ba wanda zai ɗaga gira don jin wannan adadi a yankin. Cibiyar Small Arms Survey ta Janiba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, sun fi mutanen ƙasar yawa. Ƙaramar tana cikin kwalin takalmi a saman durowar tufafi, mijin kuma ya rantse cewa yaron bai san da ita ba. Irin wannan rantsuwar iyaye sun saba yin ta. A wani bincike da aka buga a 2006, wanda aka yi a karkarar jihar Alabama, an tambayi iyaye da 'ya'yansu daban-daban, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na iyayen da suka ce yaransu ba su san inda bindiga take ba, yaran sun ƙaryata su.

Kashegarin daren matar ta ce ko bindigogin su bar gidan ko ita da yaran su bar shi. Mijin ya sayo akwatin ƙarfe ya kulle shida, harsasai a wani wuri daban. Dama doka ta riga ta tilasta masa: tun Fabrairun 2024 Mishigan ta wajabta kulle bindiga a duk gidan da yaro zai iya kai hannu, dokar da ta biyo bayan harin makarantar sakandaren Oxford na 30 ga Nuwamban 2021, inda ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu da bindigar da ubansa ya saya kwanaki kaɗan kafin nan. A 2024 kotu ta ɗaure uban da uwar shekara 10 zuwa 15 kowannensu. Amma a kan ta bakwai, ta bangon falo, mijin ya yi tsayuwar gwamen jaki. Ya zura mata igiyar ƙarfe mai kwaɗo, ya ce babu harsashi a cikinta shekara talatin, amma daga bangon nan ba za ta sauka ba. Nan maganar ta cije. Shi yana kawo gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya ba jama'a 'yancin mallakar makami, da nisan ofishin 'yan sanda daga gidansu, ita tana kawo gawarwakin da take gani a sashen gaggawa. Kowa ya haddace karatunsa, kuma ba karatun gidansu ba ne, na ƙasar ne baki ɗaya.

Yaron dai an haɗa shi da ƙwararriyar mai kula da tunanin yara tun makon farko, kuma bai halarci zaman ba. Jagorar zaman ta kafa sharaɗi biyu kafin ta karɓe su: a ci gaba da kai shi wurin ƙwararriyar, kuma kada a bar bindiga ko ɗaya a buɗe. Da ba a cika su ba, da ba a yi zaman ba, kuma ina ganin daidai ta yi.

Mene ne jeren wakilai

Turawa na kiransa konstaleshan, wato yadda taurari ke jeruwa a sama. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Bert Hellinger, Bajamushe da aka haifa a 1925 ya rasu a 2019, wanda ya yi shekara 16 yana limamin Katolika a cikin Zulu a Afirka ta Kudu kafin ya ajiye limanci ya koma aikin warkar da zukata. Ya ɗebi abubuwa daga wasan kwaikwayon jinya na Jacob Moreno, da sassaƙa iyali na Virginia Satir, da tunanin Ivan Boszormenyi-Nagy kan biyayyar ɓoye da ke ratsa zuriya. Yadda ake yi kuwa ba wuya: mai matsala ya zaɓi mutane daga cikin mahalarta, waɗanda ba su san shi ba, su wakilci 'yan gidansa. Ya kama kafaɗun kowanne ya tsayar da shi inda zuciyarsa ta ba shi, sannan ya koma ya zauna ya zuba ido. Jagora ya riƙa tambayar wakilan abin da suke ji a jikinsu a inda suke tsaye. Daga baya Matthias Varga von Kibéd da Insa Sparrer a Munik suka faɗaɗa shi, har aka riƙa tsayar da wakili ga abin da ba mutum ba, kamar buri ko tsoro ko kuɗi. Ta wannan ƙofar bindiga ta samu wakili a zamanmu. Babban zaton da aikin ya ginu a kansa shi ne cewa duk wanda iyali suka shafe daga labarinsu, wani a baya zai ɗauki kayansa ba tare da ya sani ba.

Zaman

Mutum goma sha huɗu ne a zauren, kujeru a zagaye. Mijin ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa rakiya ya yi, ba zai ce uffan ba. Jagorar ta ce ya zauna inda ya ga dama. Ya zaɓi kujerar da ke kusa da mafita.

Ta tambayi matar abin da take so ya sauya. Matar ta fara da dokoki da taurin kan maza, jagorar ta dakatar da ita, ta ce jimla ɗaya take nema. Matar ta yi shiru, sannan ta ce, "Ina so ɗana ya yi barci." Aka tambaye ta tarihin gida, zallar abin da ya faru ba fassara ba. Mahaifin mijin ya yi yaƙin Biyetnam, ya rasu shekaru shida da suka wuce. Mijin yana da wa guda, wanda ya mutu yana ɗan shekara 17 a farkon shekarun 1990, bindiga ta tashi yana goge ta. Iyakar abin da ta sani ke nan a shekara goma sha uku na aure.

Ta zaɓi wakilai huɗu. Wata dattijuwa mai furfura ta wakilci Yaro, wata matashiya Uwa, wani siririn mutum Uba, wani ƙato mai gemu kuma Bindiga. Ta tsayar da Bindiga a tsakiyar fili. Uwa a gabansa, fuska da fuska, taku uku tsakaninsu. Uba a bayansa, kusa ƙwarai har yana shaƙar ƙeyarsa. Yaro kuwa can gefe wajen taga, yana kallon su ukun. Littafina ya nuna ƙarfe 2:10.

Uwa ta ce hannayenta sun dunƙule, ba ta ganin mijinta sam, ƙaton nan ya tare shi. Uba ya ce a nan yake jin dumi, idan aka janye wanda ke gabansa zai faɗi. Bindiga ya ce abin da ya ba mutane dariya: "Ni ba na jin komai, sai dai daɗin yadda kowa ke kallona." Jagorar ta gwada matsar da Bindiga taku biyu zuwa dama. Uba ya bi shi ba tare da an ce masa ba. Uwa ma ta juya ta bi shi da ido. Ta ƙara wakili ga Tsoro, wata mata ta tashi ta rasa inda za ta tsaya, ta yi ta kai da kawo tsakanin Uwa da Uba, a ƙarshe ta ce dukkansu nata ne. Aka kawo Kaka, wato mahaifin mijin. Ya tsaya ƙiƙam, ya kafa ido a ƙasa a wani wuri kusa da ƙafar Bindiga, ya ƙi ɗagowa.

A nan Bindiga ya ce yana jin ƙarnin jinin yaƙi a jikinsa, an kashe mutane da shi a wata ƙasa mai nisa. Zauren ya yi nauyi, wasu har da hawaye. Daga kujerar bakin ƙofa mijin ya karya alƙawarinsa na yin shiru. Ya ce bindigar farautar barewa ce, a shago ubansa ya saye ta bayan ya dawo, ko iyakar jihar ba ta taɓa ƙetarewa ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan a littafina. Wakilin ya ji an ambaci Biyetnam a farko, ya ɗinka labari, kuma da mai gidan bai zo ba, da matar ta koma gida da wannan ƙaryar a matsayin abin da "fili ya nuna".

Sai jagorar ta yi abin da nake ganin kuskure ne. A salon Hellinger akwai sunkuyawa, inda ake sa mutum ya rusuna wa abin da yake gaba da shi don ya amince da matsayinsa. Ta ce wa wakiliyar Uwa ta rusuna wa Bindiga ta ce, "Na ba ka wurinka a gidan nan." Matar ta gaske ta miƙe, ta ce ba ta ɗauko hutu daga asibiti don ta ga an sa ta durƙusa wa abin da ta tsinta a cinyar ɗanta ba. Ta fice. Minti bakwai tana waje. Jagorar ba ta kare kanta ba, da matar ta dawo ta ce mata, "Na yi gaggawa, kuma ba hurumina ba ne in nemi wannan daga gare ki." Wannan amsa ce ta ceci zaman.

Ƙarfe 2:52, ana shirin ci gaba da Kaka, sai dattijuwar da ke wakiltar Yaro ta ɗaga hannu kamar ɗalibi a aji. Ba wanda ya lura cewa ta bar wajen taga. Ta zagaya a hankali har ta tsaya tsakanin Bindiga da ƙofar zauren, ta buɗe hannuwa. Ta ce, "Ƙafafuna sun gaji. Tun ɗazu nake tsaye, ba wanda ya tambaye ni komai. Na ga dukkanku kuna kallonsa, sai na ce to bari ni in kalli ƙofa."

Na duba littafina. Minti arba'in da biyu. An tambayi Bindiga sau biyar abin da yake ji, Uba sau huɗu, Uwa sau huɗu, Tsoro sau biyu. Yaro ko sau ɗaya. Ni kaina da aka ɗora wa kallon kowa, ban rubuta lokacin da ta matsa ba, don idona na kan ƙaton nan. Zaman da aka buɗe da jimlar "ina so ɗana ya yi barci" ya kwashe kusan awa guda bai waiwayi ɗan ba. Wannan kuwa ba ji-a-jiki ba ne da za a yi gardama a kansa, abu ne da aka ƙirga.

Jagorar ta bar shirun ya yi tsawo. Sannan ta koma wurin da Kaka ya kafa wa ido, ta roƙi wani saurayi ya kwanta a nan, ba ta faɗi ko wane ne ba. Uba, siririn nan, ya ja da baya daga Bindiga a karon farko, ya ce ba ya iya kallon na kwancen, kuma ba ya iya daina kallonsa. Jagorar ta juya wajen mijin ta tambaye shi shekarunsa nawa lokacin da wansa ya rasu.

"Tara," in ji shi.

Matar ta juyo ta dube shi. Bai dube ta ba. Ya yi magana yana kallon tafin hannunsa, da murya irin ta mai karanta lissafin kaya. Ya ce ba goge bindiga wansa yake yi ba. Watanni kafin nan ubansu ya ga yadda yaron ya janye daga mutane, sai ya kulle bindigogin a kabad ya ɓoye makullin a cikin wani tsohon takalmin dusar ƙanƙara a gareji. Shi ƙaramin ya san wurin, don yaro ɗan shekara tara ya san inda komai yake a gidansu. Wata ranar Asabar wan ya tambaye shi, ya ce zai harbi gwangwani ne a bayan gida. Ya nuna masa. Bayan jana'iza uban ya ce haɗari ne, uwar ta ce haɗari ne, limamin cocinsu ya ce haɗari ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi kabad ya buɗe. Da uban ya rasu, shi ya roƙi a ba shi wannan bindigar, ya rataye ta inda zai riƙa ganinta kullum.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutumin da ya fi kowa a duniya sanin cewa ɗan shekara tara na sanin maɓoyar makulli, shi ne ya rantse cewa nasa ɗan bai san kwalin takalmi ba. Ba na jin ƙarya ya yi. Yarda da cewa ɗansa ya sani na nufin ya sake tsayawa a garejin nan.

Jagorar ta tambaye shi ko zai shiga filin da kansa. Ya shiga. Ta ba shi kalmomi kaɗan, ta ce ya faɗi wanda ya ji gaskiya ne, ya bar wanda bai ji ba. Ga na kwancen ya ce, "Yaya, ni na nuna maka makullin. Shekarata tara." Ta ba shi "ba laifina ba ne", ya girgiza kai, ya ƙi. Ta sauya: "Yaro ne ni, kai ne babba." Wannan ya faɗa, sau biyu. Ga Kaka ya ce, "Baba, ka ɓoye makullin, ka yi ƙoƙarinka. Amma ka bar ni ni kaɗai da abin da na sani." Wakilin Kaka ya ɗago kai a karon farko.

Sannan ta juya shi wajen dattijuwar da har yanzu ke tsaye hannuwa a buɗe a bakin ƙofa. Wannan karon ba ta ba shi kalma ba. Ya tsaya a gabanta, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai a gaban tsohuwar da ta isa haihuwarsa, ya ce, "Ɗana, gadin gidan nan aikina ne da mamanka. Je ka kwanta." Dattijuwar ta sauke hannuwa, ta nemi kujera ta zauna. Wakilin Bindiga, da aka tambaye shi a ƙarshe, ya ce ya ji ya ƙanƙance, kuma zai so a ajiye shi wani wuri. Aka rufe ƙarfe 3:35.

Abin da nake ɗauka daga ciki, da abin da na ƙi ɗauka

Masu wannan aiki da yawa suna cewa akwai wani "fili mai sani" da ke sanar da wakilai sirrin iyalin da ba su taɓa gani ba. Zaman nan bai ba ni dalilin yarda da haka ba. Abu guda da wakili ya faɗa wanda ake iya tantancewa, wato jinin yaƙi, ya fito ƙarya. Kallon ƙasa da Kaka ya yi ba ya bukatar gaibu, don kowa a zauren ya ji an ce ɗansa ya mutu. Sirrin kuwa mai shi ne ya faɗa da bakinsa. Abin da jeren ya yi shi ne ya fitar da rigimar daga bakin ma'auratan ya ajiye ta a tsakar ɗaki, inda mutumin zai kalle ta daga kujera ba tare da an tuhume shi ba, har ya ga ɗan shekara tara tsaye yana gadi, ya gane tsayuwar.

Hujjar kimiyya a kan hanyar ba ta da yawa. Akwai gwajin da aka yi a Haidelbag ta Jamus aka buga a 2013, wanda ya nuna ɗan sauƙi a zukatan manyan da suka halarci irin wannan zama idan aka kwatanta da waɗanda ke jiran layi, amma ba masu tsananin ciwo aka gwada ba, balle yara. Su kansu ƙungiyoyin masu jinyar iyali na Jamus sun nisanta kansu daga salon Hellinger a 2003 da 2004, saboda yadda yake yanke hukunci a kan rayuwar mutane a gaban ɗaruruwan 'yan kallo ya sallame su ba bibiya. Sunkuyawar da aka nemi wakiliyar matar ta yi jikar wannan salon ce. Kuma buɗe irin wannan rauni a gaban baƙi goma sha biyu, ga mutumin da ke da bindigogi bakwai a gida da tarihin kashe kai a jininsa, ba wasa ba ne. A Amurka fiye da rabin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021 kansu suka kashe, kuma kusan tara cikin goma na masu yunƙurin da bindiga ba sa tashi. Shi ya sa kafin su bar zauren jagorar ta keɓe da shi, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, ta ba shi lambar 988, layin agajin masu tunanin kashe kansu, ta kuma nemi matar ta riƙe makullin akwatin na wata guda. Ya miƙa mata shi a wurin ajiye motoci.

Akwai kuma jarabar a ɗauki gida ɗaya a ce an fahimci ƙasa. Tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, fiye da 4,300 a wannan shekarar kaɗai. Harin makaranta, wanda shi ne ya hana yaron nan barci, ƙaramin kaso ne ƙwarai a ciki. A tsakanin yaran fararen fata mafi yawan mutuwar kashe kai ne, irin na wan mijin. A tsakanin yaran baƙaƙen fata mafi yawa kisa ne a unguwa, kuma a 2021 haɗarin da ke kansu ya ninka na fararen kusan sau biyar. Uwar da ɗanta ke bin titin da ake harbi don zuwa makaranta ba wani kawu da aka shafe daga tarihi ke damunta ba, kuma zai zama rashin kunya a tsayar mata da wakilai a ce ta nemo shi. Inda lamarin gidan nan ya haɗu da na ƙasa shi ne wajen ajiya. A ƙiyasin 2021, kimanin yara miliyan 4.6 ke zaune a gidajen da ke da bindiga ɗure da harsashi kuma ba a kulle ba, kuma rahoton 2019 na Secret Service, wata hukumar tsaro ta gwamnatin Amurka, ya gano cewa kashi 76 cikin 100 na ɗaliban da suka kai hari makaranta da bindiga, daga gidan iyaye ko na dangi na kusa suka ɗauko ta. Kowa ya san kwaɗo na da arha. Tambayar da ƙididdiga ba ta amsawa ita ce me ya sa mutum mai hankali, mai son 'ya'yansa, yake ƙin sauke ƙarfe daga bango. A gidan nan amsar ba ta cikin kundin tsarin mulki, ko da yake da shi aka yi wata uku ana faɗa.

Bibiya

Bayan mako shida na yi magana da matar ta waya. Bindigar bango ta sauka kwana huɗu bayan zaman. Bai sayar ba, bai kuma sa ta cikin akwatin tare da sauran ba. Ya cire mata ƙarfen da ke tura harsashi, ya kai gangar jikin ajiya wurin wani mai shagon bindigogi, ƙarfen kuma yana aljihun teburinsa a wurin aiki. A ƙusar da ta bari ya rataye hoton wansa da kayan ƙwallon makaranta, wanda matar ba ta taɓa gani ba. Yaron ya tambayi ko wane ne, aka ce masa kawunsa ne, ya rasu yana saurayi, za a ba shi sauran labarin idan ya ƙara girma. Ƙwararriyar ce ta ba da shawarar a tsaya nan.

Mijin ya fara ganin nasa mai ba da shawara, ya je sau biyar ya daina, ya ce ya isa. Ya je wurin mahaifiyarsa da maganar makullin. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Haɗari ne," ta tashi ta shiga kicin. Bai sake ɗaga mata ba.

Fitsarin kwance ya tsaya a cikin watan Maris. Yaron yana barci a gadonsa mafi yawan darare, sai dai ranar da aka yi atisayen bazara ya sake kwana a ƙofar ƙanwarsa, hannu wofi, uban ya ɗauko bargo ya kwanta kusa da shi a ƙasa. Ba zan iya raba abin da zaman ya yi da abin da wata biyar na ganin ƙwararriya suka yi ba, kuma makarantar ma ta fara sanar da iyaye kwana ɗaya kafin kowane atisaye bayan matar ta kai kuka. Ita dai har yanzu tana son sauran shidan su bar gidan. Shi har yanzu ya ce a'a. Bambancin da ta ambata shi ne yanzu suna wannan gardamar ne bayan yara sun yi barci, kuma ba ya ƙara ambaton tsarin mulki.

Magana ta ƙarshe da na yi da su a ƙarshen Oktoba ce, shekara guda da daren. Ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga a Mishigan, ranar da wasu makarantun arewacin jihar kan rufe saboda ajin zai zama wayam. Jihar na ba yara izinin farauta idan suna tare da babba, kuma biyu daga cikin abokan yaron za su bi iyayensu a bana. Ya tambayi ubansa ko zai tafi da shi. Uwar ta ce a'a tun kafin a rufe baki. Uban ya ce zai yi tunani. Yaron ya sake tambaya ranar Lahadi, a mota, suna dawowa daga coci.